Barcin Inna da Jegona na Fari

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana son in miƙo mata ludayi sai ta dubi bango ta ce, "A miƙo ludayi," ko da daga ni sai ita a tsakar gidan. Wannan ba abin mamaki ba ne a garinmu Mungadi. Kowace uwa haka take yi da ɗanta na fari, kunya ce, kuma ana yabon mace da ita. Ana yaye ni aka kai ni riƙo Aliero wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda mijinta manomin albasa ne. Can na girma, can na yi karatu har na zama malamar firamare, daga can kuma aka kai ni ɗakin miji a Jega. Mungadi sai da salla ko hutun makaranta.

Rashin kiran suna bai taɓa damuna ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne zaman. Duk ranar da na je gida, tun ina yarinya har na zama matar aure, a zaune nake iske Inna, a ƙasa, bayanta a jikin turmi ko bangon ɗaki, ƙafafu a miƙe, kai a sunkuye. Ƙannena su ruga su karɓi kaya, maƙwabta su leƙo ta katanga, ita ko ɗago kai ba ta yi. Na ga iyayen wasu 'yan farin. Ba sa kiran suna, amma sukan tashi su kawo ruwa, su yi ta kai da kawowa suna satar kallo. Tawa uwar sai ta ɗauki lokaci kafin ta ce wa ƙasa, "An zo lahiya?" Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa. Na sha komawa Aliero ina rantsuwa a raina cewa na bar zuwa.

Ga kuma barcin, wanda duk Mungadi an san ta da shi. Tana tsintar shinkafa sai ka ga faifai ya karkace. Tana hira a gidan suna sai magana ta yanke a tsakiya. Na taɓa ganin ta da lomar tuwo a hannu, miya na ɗiga, ita ta yi nisa. Ba ya daɗewa, takan farka ta ɗora daga inda ta tsaya. Kuma ba lalaci ba ne, don ba wanda ke riga ta tashi a gidan nan, ba kuma wadda ta fi ta daka. Abu na biyu ya fi ban tsoro. Idan dariya ta kama ta sosai sai gwiwoyinta su saki, haɓarta ta faɗo, ta sulale ƙasa ido rabi a buɗe. Tana jin duk abin da ake faɗa, amma ko yatsa ba ta iya ɗagawa sai abin ya sake ta. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wasu sun ce iska ce, wasu sun ce jini. Wata shekara wata maƙwabciya ta ba ta dariya a bakin rijiya da tulu a ka, ta faɗi ta karye a hannu, sai da aka kai ta wurin masu ɗori a Aliero. Daga nan gidanmu ya koyi wata ɗabi'a. In Baba ya dawo kasuwa da labari mai daɗi sai ya fara cewa, "Zamna tukuna." In ta zauna sannan ya bayar.

Na sami cikin fari a shekarun nan da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, lokacin da kowa ke da ɗan'uwa da aka mayar aiki Birnin Kebbi yana neman ɗakin haya. A al'ada, mai cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu, uwarta ta yi mata wankan jego safe da yamma har a yi arba'in, ita ce kuma mai wanke jinjiri. Maigidana mutum ne mai sanyin hali, sana'arsa sayen albasa a Aliero ya loda wa manyan motoci zuwa kudu. Bai cika musu ba, amma a wannan ya kafe.

"Ruwan zahi hwa aka magana, da jinjiri," in ji shi. "Ki tahi Aliero. Gwaggo ma uwa ta."

Gaskiya ya faɗa, kuma ni ma zuciyata can ta karkata. Sai dai duk mun san abin da hakan ke nufi. Idan 'yar fari ta tsallake uwarta mai rai da lafiya ta je wani gida jego, to an yi wa garin shela cewa uwar ba ta isa a ba ta jinjiri ba. Inna za ta ci gaba da zuwa rijiya da gidajen biki da wannan a kanta har ta mutu. Baba ya zo Jega da kansa ranar kasuwa, ya zauna a zaure yana ta juya hula a hannu, daga ƙarshe ya ce wa maigidana, "Tun da uwarta taj ji labari itacen jego taka tarawa. Bayan ɗaki ya cika." A nan suka yanke shawara a kai Inna asibiti. In likita ya ce ba komai, Mungadi. In ya ce akwai, Aliero.

Likitan da aka samu a wani asibiti nan Jega ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, siriri mai tabarau, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Sai aka ce ai ga malama a gida, in raka ta in yi tafinta. Maza biyu masu hankali suka zauna suka tsara wannan, ni mai takardar makaranta na amince, ba wanda ya tsaya ya yi tunani. Da an tambayi kowace tsohuwa mai sayar da daddawa a bakin asibitin da ta ce a nemo wata. An ɗauki matar da ba ta iya ce mini in miƙo ludayi, an zaunar da ita gabana in tambaye ta labarin jikinta.

Ya auna jini, ya duba ido da wuya, ya tambaya ko ta taɓa zama inda ƙudan tsando yake. Duk bai ga komai ba. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wasu takardu biyu da aka sha kwafa a inji har baƙin ya fara dushewa. Ya ce wani malaminsu ne ya ba su. Ya ce akwai na'urar da ake auna barci da ita, amma ba a nan kusa ba, don haka abin da yake da shi tambayoyi ne. Kowace tambaya wani zama ne da mutum ke yi da rana, a faɗi ko barci kan ɗauke shi a ciki: ba ya ɗauka, ko jefi-jefi, ko sau da yawa, ko kusan kullum. In an gama sai a tara maki.

Waɗanda suka rubuta takardar ba su san Mungadi ba. Akwai tambaya kan kallon talabijin, akwai ta karatun jarida, akwai ta direban da cunkoson motoci ya tsayar. Na ce masa garinmu ko wutar lantarki babu, cunkoso kuwa sai na awaki. Ya yi dariya, ya ce to in taimake shi. Muka mayar da talabijin sauraron tafsiri a rediyo, jarida ta koma tsintar shinkafa, ɗakin taro ya koma gidan gaisuwa. Har na fara jin daɗin aikin, na manta wadda ke zaune kusa da ni. Sai da na juya na dube ta ido da ido, abin da ban saba ba, na ce, "Inna, in kina tsintar shinkahwa, kwana na ɗaukar ki?" Mu can barci kwana muke ce masa.

Ta dubi ƙofa ta ce, "A ce mishi a'a."

Na tambayi rediyo. A'a. Gidan gaisuwa, a'a. Bayan cin abincin rana, a'a. Ana cikin hira da mutum, a'a. Na tambayi zama a mota, alhali ƙanena da ya kawo ta ya ce tun kafin su bar Maiyama kanta ke bisa kafaɗar wata mata har gadar Jega. A'a. Ni da idona na ga ta yi gyangyaɗi a kan bencin jira kafin a kira mu.

Takarda ta biyu ita ce ta faɗuwa. Ko gwiwoyi kan saki in ana dariya, ko haɓa kan faɗo, ko kai kan rinjayi wuya, ko dannau kan danne ta in ta farka. Hannun da aka ɗora yana kan cinyarta, da ɗan kumburinsa da bai taɓa bajewa ba. Ta rufe shi da mayafi ta ce a ce mishi a'a.

Likita ya ja layi ya tara, bai sami ko maki ɗaya ba. Ya ce shi kansa in ya amsa da gaskiya sai ya fi haka, don ya kwana aiki. Ya ajiye biro ya ce takarda ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata. Sannan ya ce, ke 'yarta ce, me kika gani?

Na cika na yi fam, don haka na zazzage masa komai da Turanci: faifai, lomar tuwo, rijiya, karaya, "zamna tukuna". Inna ba ta jin Turanci, amma ba ta bukatarsa. Ta ji tsawon maganar, ta ga biro na gudu, ta ƙara jawo mayafi har goshi. Likita ya ce alamun sun yi kama da wani ciwo da ake kira nakolefsi, na sa ya maimaita har na riƙe. Ya ce ba iska ba ce, ba hauka ba ne, ba kuma laifinta ba ne, wani abu ne a ƙwaƙwalwa da ba ya tsare iyaka tsakanin barci da farke. Ya ce tambayoyi nuni kawai suke yi, tabbatarwa sai babban asibiti, maganin da ke rage shi kuma da wuya a same shi a nan. Abin da za ta iya shi ne ta riƙa kwanciya da gangan ta ɗan runtsa kafin aiki mai haɗari, ta kuma zauna da zarar ta ji abin na zuwa. Na yi masa bayanin wankan jego. Da ya ji zafin ruwan sai ya cire tabarau. Ya ce kada ta ɗauki tafasasshen ruwa, kada ta riƙe jariri a tsaye, kada a bar su su biyu kaɗai.

Har mun miƙe ya ce saura guda. Ban da dariya, ko fushi kan kawo faɗuwar, ko tsoro, ko farin ciki? Na juya tambayar. Wannan karon ba ta ce a'a ba. Ta tsaya tana gyara takalmi. Na ce masa dariya ce kawai, don iyakar abin da na sani ke nan.

A tasha muna jiran motar Maiyama ta cika na kasa daurewa. Na ce, "Inna, don mi kinka ƙi hwaɗin gaskiya?" 'Yar fari ba ta yi wa uwarta irin wannan magana, ƙanena ma sai da ya matsa gefe. Ta daɗe tana kallon masu ɗora buhunan albasa a wata mota, sannan ta ce, "Ba a tambayar uwa irin wanga abu da bakin ɗiyatta." Can kuma, da murya ƙasa-ƙasa, "Itacen dai an tara." Har yau ban san wanne ya fi yawa a cikin a'a ɗin nan ba, kunya ko son a bar mata jegon. Ina jin ita ma ba ta raba su ba.

Na gaya wa maigidana duk abin da likita ya ce, ban rage ba. Magana ta ƙare, Aliero. Da cikin ya shiga wata na bakwai aka ɗora ni a mota da akwatina da buhun gero.

Gwaggo mace ce mai baki, ko mijinta ba ya ja da ita. Ta bari na sha fura, na miƙe ƙafa, sannan ta ce, "Ba nan za ki haihu ba." Na fara kawo mata bayanin likita da sunan ciwo. Ta ɗaga hannu.

"Ajiye Turancinki. Ke dai hwaɗa min, tun da kike, kin taɓa ishe uwarki tsaye?"

Na ce ban taɓa ba, kuma abin da ke cina ke nan.

"To wawuya, da yara sun ce ga ki nan tahe sai ta nemi ƙasa. In ba ta zamna ba gabanki za ta hwaɗi. Ba dariya ɗai ka kada ta ba. Murna ta hi kada ta."

Ta ce ranar da aka haife ni tana ɗakin. Ungozoma ta wanke ni ta miƙa wa Inna, Inna ta buɗe zane ta dubi fuskata, sai hannuwanta suka saki na gangara kan tabarma. Ban ji ciwo ba. Amma daga ranar har aka yaye ni, in za ta ba ni nono sai ta kau da kai, in za ta goya ni sai wata ta ɗora mata ta tsaya a kusa. Mata suna ta yabon kunyarta, wai ba a taɓa ganin mai kunyar ɗan fari irinta ba. "Su suna ganin kunya, ni na san tsoro na," in ji Gwaggo. Kuma ba Baba ne ya ba da ni riƙo ba, Inna ce ta roƙa a kai ni inda za a iya ɗaukata a yi mini wasa.

Mai karatu zai so in ce na fashe da kuka. Ban yi ba, fushi na yi. Na ce shekara da shekaru ina zuwa gidan nan ina komawa da baƙin ciki, an rasa mai buɗe baki ya gaya mini? Gwaggo ta ce, "Wa za shi hwaɗa miki? Ita?" Na tashi na shiga ɗaki na kwanta na juya wa ƙofa baya. Sai bayan la'asar, ina jin warin albasar da ake shanyawa a bayan gida, na tuna yadda ta tsaya tana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. A nan ne na gane amsar da ta ƙi ba likita, farin ciki ne.

Gwaggo ce ta tari maigidana da ya zo sayen kaya. Ta ce za ta bi ni Mungadi ta zauna har suna. Matar ƙanin Baba, wadda suke gida ɗaya da Inna, ita za ta riƙa sauke ruwa daga wuta ta kai makewayi. Inna ba za ta yi komai a tsaye ba, kuma ba za a bar ta ita kaɗai da jinjiri ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana na hwa, ko ɗiyata. Amana na ba ki." Na karɓa, kuma na san nauyin abin da na karɓa.

Na iske ta a zaune, bayanta a jikin turmi. Ta ce wa ƙasa, "An zo lahiya?" Wannan karon na lura da hannuwanta, sun yi laƙwas a kan cinya, muryar kuma da ƙyar take fita. Na wuce ɗaki da sauri don in ba ta wuri.

Namiji na haifa. Inna ta kama jego kamar wadda aka ba aikin gwamnati. Ta bakin Baba na aika mata da shawarar likita, ba ta taɓa nuna ta ji ba, amma kullum kafin wankan safe da na yamma sai ta shiga ɗaki ta kwanta kaɗan. In ta fito sai ta zauna a kujera 'yar tsugune, ta tsoma ganyen dogon yaro a ruwan da ke tururi ta yi ta fyaɗa mini, ba sassauci. In na yi ƙara ta ce wa bango, "A daure." Kunun kanwa kuwa sai da na ji ko ƙamshinsa ba na so.

Wankan yaron ne ta yi wa tsari nata na kanta. Sauran mata a kujera suke zama. Ita a ƙasa take zama ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu ta haɗe su a kan baho, ruwan cikin bai fi ya rufe tafin hannu ba. Ta kwantar da shi a kan ƙwaurinta, yawanci rub da ciki. In ta juyo shi za ta wanke fuska sai ta ɗaga kai ta dubi bakin katanga, hannu ya yi aikin shi kaɗai. Ta san duk wata lanƙwasa ta jikinsa, bayan kunne, hammata, tsakanin yatsu. Fuskarsa ce kawai ba ta sani ba.

Ranar suna abin ya fito fili. Kunya ta ɗan fari ce, ba ta kai kan jika ba. Jika namiji ango ne a wurin kakarsa, ana so ta karɓe shi ta ɗaga, ta kushe hancinsa, ta ce wannan mai ƙaton kai ba ta so, mata su yi shewa. Suka yi ta kawo mata shi suna cewa ga angonki. Ta karɓa a zaune, ta ja zane ta rufe masa fuska wai saboda ƙuda, ta miƙa wa ta kusa. Mayafin kunyar da ya rufa mata asiri a kaina shekara da shekaru ya gaza a nan. Na ji wata daga Maiyama na ce wa ta kusa da ita, "Wagga mata ko jika bai ishe ta murmushi ba." Mai jego ba ta tanka wa baƙi, amma na tanka. Na ce mata in tuwo ta zo ci ga shi can, in kuma auna murmushi ta zo yi ta bari sai nata jikan. Gwaggo ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya yi shati.

Gwaggo ta koma Aliero, albasa ta isa cira. Kwanaki suka yi ta tafiya lafiya har na fara sakin jiki. Yaron ya yi ɓulɓul, ya fara bin mutum da ido.

Saura 'yan kwanaki arba'in, da hantsi, ina zaune a bakin ƙofar ɗaki da ƙwaryar kunu, Inna na yi masa wanka taku kaɗan daga inda nake. Ta juyo shi ta ɗaga kai kamar kullum. Sai ya yi wani ɗan sauti da bai taɓa yi ba, ba kuka ba, ba tari ba. Ina jin ta ɗauka ruwa ne ya shiga masa hanci. Ta sauke ido. Shi kuwa ya buɗe bakin nan da ba haƙori ko ɗaya ya yi mata murmushi, na farko a duniya, ni ma ban samu ba.

Na ga haɓarta ta faɗo, na ga yatsunta sun buɗe. Yaron, jiki duk sabulu, ya sulale a kan ƙwaurinta ya tafi ƙasa. Ban san lokacin da na yar da ƙwarya ba. Kafin in kai ya tsaya a tsakanin idon sawunta, ƙafafunsa a ruwa, kansa a sama, daidai inda ta tsara ya tsaya in ranar ta zo. Ya tsala kuka. Na ɗauke shi na juya shi gaba da baya, ko ƙwarzane babu.

Ita tana nan a karkace jikin bango, ido rabi a buɗe, hawaye na gangara zuwa kunne. Tana jin kukansa, ba ta iya juya kai ta ga abin da ya same shi. Na san maganganu masu zafi da yawa, kuma sun taso har maƙogwaro. Amma abin da na ji bakina na faɗa shi ne, "Lahiya lau shike, Inna. Bai ji ciwo ba. Ga shi hannuna." Na yi ta maimaitawa har yatsunta suka fara motsi.

Da ta dawo ta gyara ɗankwali, ta share fuska da gefen zane. Ta ce wa bango, "A kira ta ta ƙarasa mishi." Matar ƙanin Baba take nufi. "Daga yau ita za ta riƙa yi. A kuma aika ma ubanai a hwaɗa mishi abin da ya hwaru." Ta tashi ta shiga ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba. Wankana na yamma ta yi shi yadda ta saba, amma da aka zo na yaron sai ta ɗauki tsintsiya ta tafi bayan gida, inda ba abin sharewa sai ɓawon itacen da ya kusa ƙarewa.

Na aika wa maigidana, don amana ce. Amma amsa ba za ta iso ba sai ranar kasuwa, wanka kuwa ba ya jiran kasuwa. Washegari da hantsi matar ƙanin Baba ta zo da soso da sabulu. Na ce ta sirka ruwa ta ajiye, ta je na gode. Na leƙa ɗakin Inna na ce ruwa na hucewa. Ta ce an riga an faɗi mai yi. Na ce mai yi ta tafi, ni kuwa ban iya ba, in an bar shi da dauɗa shi ke nan. Ƙarya nake, kuma ta sani. Na tsaya a ƙofar ban motsa ba. Taurin kaina dai a wurinta na gado shi, amma ranar nawa ya fi.

Ta fito ta nufi bango za ta zauna. Na riga ta, na zauna a wurin na jingina, na buɗe ƙafafu na ce ta zauna a gabana. Ta tsaya tana kallon ƙasa, na ɗauka za ta juya. Sai ta zauna a hankali, a ɗarare, tana ƙoƙarin kada bayanta ya taɓa ni. Na miƙa mata yaron ta kwantar a ƙwauri, na zura hannuwana ta ƙarƙashin hammatarta na kama shi ta haƙarƙari, hannuna a ƙarƙashin nata. Tun da na yi wayo jikina bai taɓa haɗuwa da na uwata ba. Tana warin hayaƙi da man shanu, kuma ƙasusuwan bayanta sun fi yadda na zata fitowa.

Ta wanke masa baya, ta juyo shi, ta ɗaga kai sama.

Na ce, "Dibe shi, Inna."

Ruwa na ɗiga daga soson.

"An riƙe?"

"Na riƙe."

Ta sauke kai. Ban ga fuskarta ba, tasa nake gani, yana ta lumshe ido saboda rana yana motsa baki. Ta samu ta dube shi sosai, fiye da yadda na yi zato, har ta kai yatsa ta taɓa masa gira. Sannan na ji nauyinta ya taho gaba ɗaya ya sauka a ƙirjina, kanta ya faɗo a kafaɗata, soso ya faɗa baho. Yaron bai ko motsa daga inda yake ba. Na riƙe su su biyun, ina jin numfashinta a wuyana, har ta dawo ta lalubi soson ta ci gaba da wanke masa bayan kunne.